Wasiƙa Zuwa ga Malaman Bayoloji na Kudancin Kano

Ƙannena malaman sakandaren Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Na san ɗawainiyar da kuke sha: aji cike maƙil, albashi ba ya kai ƙarshen wata, wani ma shi kaɗai ke riƙe da Bayoloji da Kemistiri da Aikin Gona. Allah ya saka muku da alheri. Sai dai akwai ɗabi'ar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai shekara uku yana karatun halittu bai taɓa riƙe halitta ko ɗaya a aji ba, sai ana saura 'yan kwanaki jarrabawar WAEC ko NECO, bayan jerin abubuwan da za a ɗora a tebur ya iso. Ranar ce ake buɗe ɗakin gwaje-gwaje, a kaɗe ƙura, a kawo fara da ganye da ƙashin akuya, a biya wa yara amsa su haddace.

Ku dubi inda Allah ya ajiye ku. Madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana ƙasar Bebeji, kuma kullum masunta na fito da karfasa da tarwaɗa. Amma malami zai juya wa yara baya ya zana kifi a allo, su kwafi zanensa, shi kuma daga littafi ya kwafo. Da karfasa ɗaya da tarwaɗa ɗaya a faranti, yaro zai shafa ya ji wannan na da ɓawo, waccan santsi gare ta, ya ɗaga murfin gefen kai ya ga jajayen sassan da kifi ke numfashi da su, ya ƙirga, ya zana abin da idonsa ya gani ko da zanen ya karkace. Wannan karkataccen zanen ya fi mini kyakkyawan da aka kwafo, domin mai shi ya duba. A damina kuma a tuge gindin gyaɗa ko wake, a wanke saiwar, a tsaga 'yan ƙululan da ke jikinta da reza. Cikinsu ja-ja ne, kuma nan ƙwayoyin da ke samar wa shuka takin naitirojin daga iska suke zaune. Ɗan manomi zai gane dalilin da ya sa mahaifinsa ke haɗa wake da dawa a gona guda. A tono ƙuduji tare da saiwar dawar da ya maƙale wa, darasin halittar da ke rayuwa da jinin wata ya ƙare ba tare da doguwar magana ba.

Za ku ce babu kayan aiki, kuma ban musa ba: makarantu da yawa ba su da na'urar ganin ƙananan halittu ko ɗaya mai lafiya. To amma nawa ne daga cikin manhajar ke buƙatarta? Gregor Mendel, wanda kuke koyar da dokokinsa na gado, da wani dangin wake da ake kira pea ya yi aiki a lambu tsakanin 1856 da 1863, kayan aikinsa haƙuri da ƙirga. Ɗigon aidin a kan yankan dankali ya isa ya nuna sitaci. Wani yankan a ruwan gishiri, wani a ruwan zalla, kafin a tashi ɗaya ya yi laushi ɗaya ya yi tauri. Za ku ce yara sun yi yawa; a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zo da nasa daga gida. Za ku ce dajin Falgore ba wurin kai ɗalibai ba ne a halin tsaron da ake ciki. Gaskiya ne, kada ku kai su. Bayan katangar makaranta akwai gara da talibambam da tsutsar sauro a tsohuwar taya. Batun cewa manhaja na da tsawo shi ya fi nauyi, amma abin da aka gama a allo aka manta kafin hutu, ba a gama shi ba.

Lokacin da jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, burin shi ne a samar da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, kuma an samar. Malaman wancan zamani, Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, kunya suke ji su faɗa wa ɗalibi sakamakon gwaji kafin ya gwada. Yau ko an yi gwajin, malami ya riga ya rubuta a allo cewa launi zai koma baƙi-baƙi. To me ya rage wa yaro ya gano? Wannan kashe basira ne, kuma ba gwamnati ce ta kashe ta ba, mai riƙe da alli ne.

Ku gafarce ni idan harshe ya yi zafi, abin ya shafi rai ne. Tsargiya na nan a garuruwan da ke bakin dam da magudanan noman rani, har wasu na ɗaukar fitsarin jini alamar balaga. Tun 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta jikin katantanwar ruwa cutar ke bi. Ku sa safar hannu, ku ɗebo irin katantanwar nan a kwalba mai murfi, ku zagaya da ita aji, kada kowa ya taɓa ruwan, sannan ku tambayi yaran a ina suke wanka. Roƙona bai wuce darasi ɗaya irin wannan a kowane mako biyu ba, tun daga aji ɗaya na babbar sakandare, kuma shugabannin makarantu su ware ɗan kuɗin aidin da reza da safar hannu.

Wassalam, naku a kullum,
Wani tsohon malami.