Kada Ka Tsoma Kaza Mai Kwanci A Ruwa

A gidaje da dama na Suleja da ƙauyukan da ke kewaye da Dutsen Zuma, da zarar kaza ta daina saka ƙwai ta lafe a sheƙa, sai a tsoma ta cikin ruwan sanyi, ko a ɗaure mata ƙafa, ko a nufi kasuwar Madalla da ita. Manomi, wannan asara ce. Kaza mai kwanci injin ƙyanƙyasa ce wadda ba ta bukatar lantarki ko kananzir. Kajin ƙwai na zamani irin su Shika Brown, wadda cibiyar NAPRI ta Shika ta samar, ba kasafai suke kwanci ba. Kazar Hausa kuwa tana yi, kuma da shi ne garkenka zai ƙaru ba tare da ka sayi 'yan tsaki ba.

Laifin da ake ɗora wa kaza, sau da yawa na mai ita ne. Akan bar ta ta kwanta kan ƙwai 20, wasu kaji suna ta saka mata sababbi, daga ƙarshe rabi ya lalace. Kai ne ya kamata ka zaɓa mata. Ba ta ƙwai 8 zuwa 12 gwargwadon girmanta, masu tsabta, marasa tsaga, waɗanda ba su wuce mako ɗaya ba, daga garken da ke da zakara. Yi wa kowanne alama da fensir domin ka gane baƙon ƙwai ka cire.

Keɓe mata wuri mai inuwa, inda ɓera da kare ba sa kaiwa. Fasasshiyar tukunya ko kwando da busasshiyar ciyawa ya wadatar, amma a ɗaga shi daga ƙasa, domin daminar Suleja tana da tsawo, danshi kuma yana ɓata ƙwai. Ajiye ruwa da tsaba kusa da ita, tare da toka ko yashi na birgima, saboda ƙwarƙwata da ƙuma kan sa kaza ta gudu ta bar ƙwai. Idan ta tashi sau ɗaya a yini ta ci abinci, kada a kore ta ta koma. Za ta dawo da kanta.

A rana ta 10, haska ƙwan da tocila cikin duhu. Wanda ya fito garau babu jijiyoyi, cire shi. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. Da damina, lokacin da zabi ke saka ƙwai, kana iya sa mata nasu, sai dai su kwana 26 zuwa 28 ne. Kada ka haɗa iri biyu rana ɗaya.

Bayan ƙyanƙyasa aiki bai ƙare ba. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Tsare su a akurki makonnin farko, ka ba su dusa da ɓarzajjen hatsi da ruwa a kasko marar zurfi. Kafin hunturu, lokacin da cutar farin kashi ta fi yi wa kaji ɓarna, nemi malamin dabbobi ya ɗiga musu rigakafin da cibiyar Vom ke sarrafawa.

Gaskiya ne kaza ba ta saka ƙwai muddin tana kwanci ko reno, don haka ba kowace za a bari ba. Wadda ba ka so ta yi, sa ta a keji mai haske da iska ke ratsawa ta ƙasa, babu ciyawa babu ƙwai, da ci da sha, kwana 3 zuwa 4. Za ta bari ba tare da an wahalar da ita ba.

Malamin gona, a ziyararka ta gaba ka tattauna da matan gida, domin su ne masu kajin. Tambaye su ƙwai nawa aka sa, nawa suka ƙyanƙyashe, nawa suka girma. Daga amsar za ka san inda gyara yake.