Giya Kaɗan ga Mai Juna Biyu: Alƙaluman da Aka Yi wa Gurguwar Fahimta

A watan Yunin 2012 jaridun Turai suka yi ta shelar cewa mai juna biyu za ta iya kurɓar giya kaɗan ba tare da fargaba ba. Madogararsu wani bincike ne da aka yi a Denmark a kan mata 1,628, wanda bai gano bambanci a basira ko natsuwa ba tsakanin 'ya'yan masu shan kaɗan da na waɗanda ba su sha ba, lokacin da yaran suka kai shekara biyar. Kafin nan ma, wani babban bincike a Birtaniya ya nuna 'ya'yan masu shan kaɗan har sun ɗara takwarorinsu a wasu gwaje-gwaje.

Wannan shela ta zalunci alƙaluman. A Birtaniya, matan da ke shan kaɗan galibi su ne masu zurfin ilimi da albashi mai tsoka. 'Ya'yansu suna tashi cikin littattafai da abinci mai gina jiki, suna zuwa makarantu nagari. Idan irin wannan yaro ya yi fice a aji, wadatar gidansu ce ta yi aiki, kuma wadatar nan tana iya lulluɓe ɓarnar da giya ta yi.

Masu bincike a jami'o'in Bristol da Oxford sun sami hanyar raba abubuwan biyu. A 2012 suka duba ƙwayoyin halittar da ke sarrafa barasa a jikin yara sama da 4,000, domin rabon ƙwayoyin halitta ba ruwansa da arzikin gida. A cikin 'ya'yan matan da suka sha daidai gwargwado, kowane nau'in ƙwayar da ke da haɗari ya zo da raguwar kusan maki biyu a gwajin basira a shekara takwas. A cikin 'ya'yan waɗanda ba su sha ba, ƙwayoyin nan ba su kawo wani bambanci ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Dalilin a fili yake. Barasa tana ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi, wanda hantarsa ba ta yi ƙwarin da za ta narkar da ita ba, ga shi kuma ƙwaƙwalwarsa tana ginuwa tsawon wata tara. Tun 1968 likita Paul Lemoine na birnin Nantes a Faransa ya bayyana illar a kan yara 127 na iyaye mashaya. Har yau babu wanda ya tabbatar da ma'aunin da a ƙasansa illar take ɓacewa, kuma ba za a taɓa shayar da masu ciki giya don gwaji ba.

Masu sukar wannan matsayi suna cewa ana tsorata mata a banza. Suna da gaskiya ta fuska ɗaya: wadda ta ɗan sha kafin ta san tana da ciki ta cancanci a kwantar mata da hankali, domin haɗarinta ƙarami ne. Amma lallashin wadda ta riga ta sha daban, ba da lasisi ga wadda ke tambaya daban. Shi ya sa a Janairun 2016 manyan jami'an lafiya na Birtaniya suka janye tsohuwar shawararsu, suka ce mafi aminci shi ne a ƙaurace gaba ɗaya.

Kalmar "kaɗan" ma ba ta da tabbas. Ƙwaryar burkutu ba ta da ma'auni, haka nan magungunan ɗaci masu barasa da ake sayarwa da sunan maganin ciwon baya. Likita ko ungozomar da ta ce wa mai ciki "kaɗan ba komai" ta bar mata awon da kanta, alhali ɗan da zai zauna a aji yana fama da lissafi shi ne zai biya kuɗin kuskuren.