"ALLAH YA SAKA DA ALHERI" BA YA SAYEN DATA

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da wani ɗan'uwa, abokin karatuna tun Islamiyya, wanda Allah Ya hore wa sanin gina shafin intanet. Wata makaranta ta nemi ya gina mata shafi. Da ya tambayi nawa za a biya, sai aka ce masa, "Haba ɗan'uwa, tsakaninmu har sai an yi ciniki? Fara kawai." Ya yi sati uku yana kwana gaban kwamfuta, data daga aljihunsa, man janareto daga aljihunsa. Da aiki ya kammala aka yi masa addu'a mai tsawo, aka sallame shi. Bayan shekara, lokacin sabunta sunan shafi da kuɗin ma'ajiyarsa ya yi, babu wanda ya biya, shafi ya rufe, sai aka shiga yaɗa cewa shi ne ya yi musu zagon ƙasa. Inna lillahi!

Shin wannan shi ne abin da muka karanta? Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san sharaɗin ijara shi ne a ambaci lada, a yanke lokaci. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya sa mutum aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa, yana cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. To ina kunya ta shiga nan? Magini ba ya ɗora bulo sai an yi ciniki, tela ba ya yanka shadda sai ya karɓi kafin alƙalami, amma mai kwamfuta sai a ce ai danne-danne kawai yake yi.

Mutane ba su san cewa shafi yana cin kuɗi kowace shekara ba, kuma galibi da dala. A watan Yuni 2023 Babban Banki ya saki naira, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗan'uwan da ya yi alkawarin riƙe shafi a tsohon farashi, bashi ya ɗaura wa kansa.

Saboda haka ga shawarata. Kada ka taɓa aiki sai an rubuta: shafuka nawa, gyara sau nawa, kwana nawa, nawa ne lada. Ka karɓi rabi tun farko, sauran kafin ka miƙa mabuɗan shafi. Sunan shafi a yi rajistarsa da sunan mai shi, kuɗin sabuntawa a wuyansa, ka faɗa masa wannan ƙarara gaban shaidu biyu. Idan kuwa ka yi niyyar yi saboda Allah, to ka faɗa da bakinka tun ranar farko. Sadaka daban, kwacen guminka da sunan addini daban.

Wani abu kuma: Turawa suna rubuta a takardar neman biya cewa duk wanda ya makara za a ƙara masa kashi kaza cikin ɗari kowane wata. Na ga wasu 'yan'uwa suna kwafo wannan daga intanet ba tare da tunani ba. Ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce, babu ruwanmu da ita. Makaminka na halal shi ne ka dakatar da aiki har a cika.

Mu ma masu sana'ar ba mu kuɓuta ba. Akwai mai karɓar kafin alƙalami ya kashe waya wata biyu, akwai mai riƙe kalmar sirri ya mai da mai shafi bawansa. Wallahi wannan ma cin amana ne, kuma shi ke sa a ƙi yarda da na kirki.

Abokin nawa dai har yau bai ga sisi ba. Na ce ya rubuta abin da ya kashe dalla-dalla, ranar Asabar bayan la'asar mu je tare da wani dattijo mu sami shugaban makarantar.