Kafin Ka Biya Kuɗin Mota, Sa Wayarka Ta Duba Maka Injin

Yau za mu ɗan sauka daga kan waya mu hau mota, amma da wayar taka za mu yi aikin.

Duk wanda ya taɓa sayen waya 'yar Landan ya san abin da ake fara yi. Ka danna *#06#, lambar IMEI ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. Idan iPhone ce ka shiga saitin ka ga ko an canza mata sikirin ko batir. Mu masu gyara ma, allon da ke cikin waya "inji" muke ce masa, kuma mun san ana ɗaukar injin wata a sa a jikin wata a sayar. Abin da ke ba ni mamaki a nan Gesse shi ne, mutumin da zai yi awa guda yana binciken waya, shi ne zai je sayen motar miliyoyi ya zagaya ta sau biyu, ya ji sanyin AC, ya daki taya da ƙafa, ya ce a kawo lambar akawu.

Ra'ayina a nan ba mai tsauri ba ne. Canza inji ba laifi ba ne. Inji yana nokin, ana zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ko Ladipo a Legas a sayo wani a ɗora, mota ta ci gaba da aiki shekaru. Camry ɗin nan da ake kira "mosul", ta 2007 zuwa 2009, injinta 2AZ-FE an san shi da shan baƙin mai, don haka da yawa daga cikin waɗanda ke yawo an taɓa su. Inda matsala take shi ne dillali ya rantse maka cewa "ba a taɓa sa mata sifana ba", ya karɓi kuɗin wadda ba a taɓa ba, alhali injin na wata mota ne, wataƙila ma ba irin nata ba.

To ta ina za ka fara? Daga lambar shasis, wato VIN. Tun 1981 haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu harafin I, O ko Q a ciki, saboda kada su rikice da 1 da 0. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Ɗauki hoton duka biyun ka tabbatar iri ɗaya ne da na takardun kwastam. Idan motar 'yar Amurka ce, hukumar NHTSA tana da shafi na kyauta da za ka zuba lambar, ya gaya maka shekarar motar da girman injin da kamfani ya sa mata. Data kaɗan yake ci.

Sai ka ɗaga bonet. A motocin Amurka akwai wata 'yar takarda manne a cikin murfin, wadda ke bayanin hayaƙin motar, kuma tana ɗauke da girman injin, misali 2.4L ko 1.8L. Yanzu ka nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin kansa, galibi kusa da inda ya haɗu da giyabos. Wurin matsattse ne kuma ƙura da mai sun rufe shi, don haka goge da tsumma, kunna fitilar waya, zura hannu ka ɗauki hoto ka zuƙo shi. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ta Amurka yawanci 1ZZ za ka gani. Accord "EOD" mai filogi huɗu, K24. Idan intanet ta ce 2.4 kai kuma ka ga lambar injin 2.0, magana ta ƙare. Idan kuma ka tarar an goge wurin da giranda ya yi sumul, ɗan'uwa, kama gabanka, wannan ba batun ragi ba ne kuma.

Tun da bonet na buɗe, bar idonka ya yi yawo. Notukan kujerar inji sun ci sifana? Akwai soket da ke lilo ba a haɗa shi da komai ba? Wayoyin wuta an yanke an naɗe da baƙin salatif? Akwai rubutun fenti ko maka a jikin injin irin wanda 'yan kasuwar kayan gyara ke yi? Wannan aikin namu ne sak. Wayar da aka taɓa buɗewa, kan sukurorinta ne ke fara tona ta.

Yanzu ga inda waya ke yin abin da ido ba zai iya ba. Akwai wata 'yar na'ura da ake kira ELM327, ba ta kai kwalin ashana biyu ba, kuɗinta kuma bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Ana soka ta a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhajar Torque ko Car Scanner. Motocin Amurka daga 1996 duk suna da wannan soket, na Turai masu fetur daga 2001. Tsofaffi irin Golf 3 kada ka wahalar da kanka.

Abu na farko, a motocin da ba su tsufa sosai ba manhajar za ta karanto VIN daga kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos. Idan ya saɓa da na gilashi, an canza birenbos, sai ka tambayi dalili. Amma kada ka ce don sun yi daidai shi ke nan inji na asali ne, domin sau da yawa ana canza inji a bar tsohon birenbos. Shi ya sa sai ka haɗa da abin da idonka ya gani.

Abu na biyu shi ne wanda dillalai ba sa so ka sani. Kafin ka iso, wasu kan goge duk matsalolin da kwamfutar ta ajiye don fitilar cek-inji ta mutu. Sai dai kwamfutar tana da wasu gwaje-gwaje da take yi wa kanta, kuma da zarar an goge, yawancinsu suna komawa "Incomplete" har sai an yi tafiya mai ɗan nisa. Motoci da yawa ma za su nuna maka kilomita nawa aka yi tun da aka goge. Ka ga kilomita 3, ka san da safen nan aka yi. Gaskiya cire batir ma yana jawo haka, don haka ba sai ka kira mutum maƙaryaci ba. Ce masa kawai ku yi doguwar tafiya, ko hanyar Argungu ko ta Kalgo, ku dawo a sake sokawa. Sannan kafin a tayar da mota, murɗa makulli rabi ka ga fitilar cek-inji ta kama. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko an rufe shi.

Lambar da za ka fi cin karo da ita ita ce P0420, kuma a nan batun hayaƙi ya shigo. A jikin salansa akwai wani tulu da kanikawa ke kira "indomi", saboda cikinsa ramuka ne ƙanana kamar taliyar. Aikinsa tace gubar hayaƙi kafin ta fito. A ciki akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake farke shi a kwashe a sayar, a mayar da walda. Wata motar tun kafin ta baro Kwatano ko tashar Legas an gama da ita, kuma lokacin canza inji lokaci ne mai sauƙi na yin wannan aika-aika tun da an riga an kwance salansa. Kwanta ka leƙa ƙasa. Sabuwar walda a jikin tulun, ƙara kamar gwangwani idan ka ƙwanƙwasa, ko hayaƙi mai yaji a ido, duk alamu ne.

Na san abin da wani zai ce: wa ke duba hayaƙi a Kebbi? Dokar dai tana nan. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tana da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da dizal tun 2011, kuma a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince motocin da za a riƙa shigo da su su kai matakin Euro 4. Ko ana bi ko ba a bi, wannan kowa na gani da idonsa. Ni ba tsoron VIO nake so ka ji ba. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi. A zafin Afrilu na Birnin Kebbi, da ake wuce digiri 40, mutane nawa ne ke zama cikin mota a tsaye, gilashi a rufe, AC a kunne, yara a baya? Salansar da aka farke aka yi wa waldar gaggawa tana iya yoyo daidai ƙarƙashin kujerunsu.

Ga kuma aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya koyi lissafin lita. Cire indomi shi kaɗai ba ya rage shan mai kamar yadda wasu ke faɗa. Amma idan an ɗora injin da bai dace da birenbos ba, ko aka bar sensar hayaƙi ta gaba a yanke, kwamfutar ba ta san adadin man da ya kamata ta ba inji ba, sai ta yi ta zubawa. Haka wannan ɗabi'ar ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi: injin ba ya kai zafin da ya kamata, man kuma sai tafiya yake.

Idan ka gano an canza inji kuma motar ta kwanta maka, ba dole ka fasa ba. A rage kuɗi daidai da abin da aka gani, a cire kuɗin indomi idan babu shi. Ka nemi rasit ɗin da aka sayi injin da shi, a rubuta lambar sabon injin a takardar cinikin da shaidu, sannan ka je ofishin lasisi a gyara ta a takardun motar. Mu da ke kusa da iyakar Kamba mun san yawan shingayen da ke hanyoyinmu, kuma tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017 ake ƙara sa ido kan takardu. Ranar da jami'i ya ɗaga bonet ya ga lambar inji ta saɓa da ta takarda, dillalin yana gidansa, kai ne za ka yi bayanin inda injin ya fito.