Yaranmu sun san Messi, ba su san Issaka Dabore ba

Ranar wata Laraba na tambayi ɗalibaina a nan Illela su ambato mini ƴan wasan da suka sani a ƙasar Sifen. Aji ya kaure da hayaniya: Messi, Lamine Yamal, Pedri, har da lambar rigar kowa. Sai na rubuta Pol Amat a allo. Aka yi tsit.

Ban zarge su ba, don ni ma a makare na san shi. Pol Amat ɗan garin Terrassa ne, kusa da Barcelona, kuma ƙwallon gora yake bugawa, wadda ake kora ƙaramar ƙwallo da sanda mai lanƙwasa. Ya ciyo wa ƙasarsa lambar azurfa a gasar Olamfik sau biyu, a 1996 da 2008, kuma a 2008 aka zaɓe shi gwanin duniya a wasan. Duk da haka ba ka ganin rigarsa a kasuwar Konni.

Abin da ya dame ni shi ne tambaya ta biyu. Na ce, wa ya fara kawo wa Nijar lambar Olamfik? Ba wanda ya ɗaga hannu. Issaka Dabore ne, ɗan dambe, da lambar tagulla a Munich a 1972. Sai da aka yi shekara 44 kafin Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ƙara ta biyu, azurfa a tekwando a Rio a 2016, kuma a 2017 ya zama zakaran duniya. Kaɗan suka ji sunan Alfaga. Kantu na Maraɗi, wanda ya ci takobin kokowa na farko a nan Tawa a 1975, sai yaro ɗaya ya ce kakansa kan ambace shi.

Shahara tana bin talabijin da kuɗin talla, ba ta auna gumin mutum. Gidajen kallo suna nuna ƙwallon Turai kowane mako saboda a nan riba take. Ban ce a hana yara kallo ba, ni ma ina kallo. Kuma na yarda kokowa ba ta mutu ba, in lokacin takobi ya zo kowa na manne da rediyo. Amma mako biyu a shekara ba za su ja da mako hamsin ba.

Illar tana nan cikin aji. Ina da yaro mai ƙarfi da dabarar kokowa wanda ya daina shiga fili don abokansa na kiransa baƙauye. Ina da yarinya mai gudu kamar barewa da ba ta taɓa jin cewa gudu ma abin yi ne ba. Yaron da ya koyi cewa abin da aka nuna a allon kallo kaɗai ke da daraja, gobe zai raina noman albasar ubansa, ya raina malaminsa.

Malamai ƴan'uwana, minti biyar a darasin tarihi ko na motsa jiki ya isa a ba da labarin Dabore. Iyaye kuma, in ɗanku ya kada wani a filin kokowa, ku yaba masa a gaban ƙannensa kamar yadda kuke yabon wanda ya ci ƙwallo. Na ba ɗalibaina aikin gida: kowa ya tambayo kakansa sunan gwanin kokowar garinsu. Ranar Litinin zan karɓa.