Ginin da Ba Mu Sani Ba, Ba Za Mu Iya Yaƙi a Cikinsa Ba



Da yawanmu idan muka zo rubuta labarin yaƙi, sai mu ce "wata katafariyar fada a kan tsauni" mu wuce. A ganinmu wannan ragwanci ne, domin fasalin gini shi ke nuna yadda za a yi yaƙin. Mu ɗauki Ƙal'atul Hisn ta ƙasar Siriya, wadda Turawa ke kira Krak des Chevaliers.

Sarkin Halab ne ya fara kafa sansani a wurin a 1031, ya zuba dakarun Kurdawa, shi ya sa ake ce mata Hisnul Akrad. Tana kan tsauni mai tsayin kusan mita 650, tana tsare hanyar da ta taso daga Hims zuwa bakin teku. Daga baya ta faɗa hannun mayaƙan Salibiyya na ƙungiyar Hospitaller, suka sake gina ta bayan girgizar ƙasa ta 1170. Ganuwa biyu gare ta, ta ciki ta fi ta waje tsawo, don maharban sama su kāre na ƙasa. Mashigarta doguwar hanya ce rufaffiya mai lanƙwasa, wadda ke hana mahara shiga a guje.

Rauninta yana kudu, inda tsaunin ya haɗe da tudun da ke kusa. Ta nan Sarkin Masar Baibars ya ɓullo mata a 1271, ya kafa manjaniƙai, aka haƙa ƙarƙashin ganuwar waje har hasumiya ta rufta. Ta ciki kuwa ba a fasa ta ba. Masana tarihi sun ruwaito cewa wasiƙar jabu aka aika wa mayaƙan da sunan shugabansu na Tarabulus, tana ba su izinin miƙa wuya. Suka fita ranar 8 ga Afrilu, aka mayar da majami'arsu masallaci.

Wani zai ce mu masu ƙagen labari ne, ba masu zanen gini ba. Gaskiya ne, ba a ce mu cika shafi da awon bango ba. Amma wanda bai san ganuwa biyu ba ce, ba zai gane dalilin wasiƙar ba, sai ya ƙare da jarumi ɗaya yana sare dubu.

Saboda haka kafin mu tura dakaru, mu fara zana wurin a takarda: ina ƙofa, ina ruwan sha, ina rauni?

Allah ya ƙara mana basira.