Kauda da Rumbu, Wai Ɓata Lokaci Ne?

Bayan haka, waɗansu fatake suna yi wa manoman Janbako dariya. Wai mutum ya share kwanaki yana yanka tumatir yana shanya kauda, yana yaɓen rumbu, alhali ga kasuwar Talatar Mafara kowane mako, ina amfanin wahalar?

To, maganar nan ba ta da ƙarfi. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya yawaita a ƙasar. Da rani tumatir kan yi yawa har ya ruɓe cikin kwando. Ruwa na sauka sai ya yi tsada. Wa ke sayen kauda da araha ya ɓoye ta har damina? Falken nan ne da kansa! Ashe kwanakin da ya raina, su yake ci.

Malamai kuwa sun san shawarar Annabi Yusufu, alaihis salamu, ta barin hatsi cikin zangarniyarsa. Haka ake jera dammunan gero cikin rumbu, ƙwari ba su saurin taɓa shi.

Sai dai ɓarayin daji sun ƙone rumbuna da yawa a ƙasar Zamfara. Wanda tsoronsu ya sa ya sayar da hatsinsa tun da kaka, kada a kira shi rago.

Wassalamu.